Hoton Mma da Sabuwar Kyamara

Zongo, Lome

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Turai? Ina Anti Rabi da yara? Mu nan muna lafiya, alhamdulillahi.

Na rabu da tsohuwar kyamarata, na sayi sabuwa mai fitar da hoto tar. A wani shago a kasuwar Asigame aka nuna mini gilashi biyu da ake ɗaura mata, ɗaya mai faɗi na ɗaukar taron biki, ɗaya na ɗaukar fuska. Abokan sana'a suka ce mai faɗin ne ke kawo aiki, amma na zaɓi na fuska, saboda ka daɗe kana ƙorafin ba ka ganin Mma sosai a hotunan da nake turo maka.

Ranar Juma'a na zaunar da ita a tsakar gida na ɗauke ta. Da na buɗa hoton sai na ga fari-fari a idonta na hagu, abin da ban taɓa lura da shi ba, alhali muna gida ɗaya. Na tambaye ta, ta ce, "Ya jima, ba na son in tayar muku da hankali ne." Likita ya ce yanar ido ce, za a yi mata aiki bayan Sallah.

Na nuna mata hotonka a waya, ta kai shi dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Hoto bai ishe ni ba. Ka ce masa ya zo."

Ka sa ta a addu'a, ka gaishe mini da kowa. Don Allah, Yaya, ka yi ƙoƙari bana.

Ƙaninka,
Mudassiru