Lallen da Kuka Tumɓuke a Bayan Gadar Katako

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu kula da lambun waƙoƙin Japan, Doha.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya.

Ranar da na fita takaba ban fara zuwa gidan kowa ba. Daga unguwarmu Mansura na hau jirgin ƙasa na zo lambunku. Na tsallake gadar katako, na duba kusurwar da na sani, sai na ga farar tsakuwa an ja mata layi da manjagara. Na ɗauka ɓatan hanya na yi. Sai da na ga bakin tiyon da mijina ya ɗaure da hannunsa, sannan na gane an tumɓuke lallen.

Sunana Rabi. Mijina, marigayi Habibu, shi ne injiniyan ban-ruwan lambunku shekara shida. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ga abin da na sani.

Na ɗaya: itatuwan furen da kuka kawo daga Japan, sau biyu zafi yana ƙone su a wannan kusurwa. Habibu ya nemi izinin shugaban da ka gada, ya dasa lallen da na zo da irinsa daga gidanmu a Haɗeja. Ya kama. Takardar izinin tana hannuna.

Na biyu: ma'aikacinku ya ce kun rataya sanarwa a jikin itacen har wata guda, ba wanda ya zo, khalas, wai magana ta ƙare. Ranka ya daɗe, a ƙasar Musulmi muke. Ka san wadda mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma take yi a ɗaki. Ofishinku ne ya kira ni ya yi mini ta'aziyya. Lambar wayata ba ta canza ba.

Na uku: wai lalle ba ya cikin tsarin lambun Japan. Habibu yakan karanta mini fassarar waƙoƙin da ke kan duwatsunku. Yawancinsu maganar fure ne da ya kaɗe, da wanda ya tafi bai dawo ba. Ku kuka sassaƙa su, amma yau na fi ku sanin abin da suke faɗa.

Ba diyya nake nema ba. Izinin zamana ya kusa ƙarewa, mako uku ya rage in koma gida, Habibu kuwa a ƙasar nan yake kwance. Ina da reshe guda na lallen a tukunya, ya yi saiwa. Ku ba ni kusurwar in dasa shi kafin in tafi. Ba zan dasa a ɓoye ba, don ba sata muka yi ba. Kowace safiya zan zauna a bencin bakin gada da tukunyar a cinyata har ku amsa. Jiya mai gadi ya tashe ni, yau na dawo.

Allah Ya taimake ka a kan gaskiya, Ya daɗe bai nuna wa iyalinka irin wannan rana ba.

Tiyon yana nan yana ɗiga a kan tsakuwa. Ramin ne ba a haƙa ba.

Wassalam.
Rabi, matar marigayi Habibu.