Fari a Cikin Jajaye

Ɗana Sani,

Ya Zariya, ya iyali, ya karatun ƙwarin naka? Mu nan Aujara sai godiya.

Shekaru nawa ina faɗa muku akwai fari fat cikin jajayen malam-buɗe-littafin da ke bin tumfafiya, kuna cewa tsufa ne ya taɓa min ido? To jiya na kife shi da hulata a bayan gona. Irinsu ne sak. Baƙin gefen fiffike da ɗige-ɗigen duk suna nan, jan ne kawai babu. Liman ma ya gani.

Na rufe shi a kwano. Ka gaida mai ɗakinka, ku sa mu a addu'a. Ka tambayo malamanku ko sun taɓa ganin irinsa, ka ba ni amsa kafin tururuwa su cinye min shaida.