Hannuna Ne Ya Zaunar da Tuva

Gunnel, ke da kike ba mutane shawara a wannan shafi, don Allah ki taimake ni. Abu ya tsaya mini a rai, kuma ba wanda zan iya gaya wa a wurin aiki.

Ni ɗan sanda ne a birnin Malmö, shekara shida ina aiki da Tuva, karya mai sansano ƙwaya. In ta ji wari sai ta zauna a gaban mutum, ni kuma in jefa mata ƙwallonta. Zaman nan nata shi ne hujjarmu ta caje mutum. Ƙwallon kullum yana aljihuna na dama.

Watan jiya a tashar jirgin ƙasa na ga wani, haka kawai tafiyarsa ba ta kwanta mini ba. Tuva ta shinshine shi ta wuce abinta. Sai hannuna ya kai aljihun nan. Ta gani, ta dawo ta zauna. Muka caje shi, muka sami ɗan ƙullin wiwi a jakarsa. Na rubuta cewa Tuva ce ta nuna shi.

Sunansa Melker, direban bas ne. Ya ce jakar aro ce, ban san gaskiyarsa ba. Ran Talata zan ba da shaida a kotu, kuma aikinsa na iya tafiya. In na faɗi gaskiya, tsorona kada a ce Tuva ta lalace a raba mu, ga shi a gidana take kwana. Kunyar kaina nake ji, ko kofi na kasa zama in sha da abokan aiki. Mutum nawa na yi wa haka ban lura ba?

Mai Ƙwallo a Aljihu

Mai Ƙwallo,

Tsoronka ba na banza ba ne, ana iya raba ku. Ƙullin wiwin ma ba kai ka saka shi a jakar ba, kuma wataƙila kotu ta hukunta Melker ko ka yi magana. Ni ba lauya ba ce, wannan na alƙali ne. Amma ba zai iya auna abin da ka ɓoye masa ba.

Kada ka jira Talata. Gobe ka sami shugabanka da mai gabatar da ƙara, ka gyara rahoton da hannunka. Ka roƙi a sake gwada ku a inda kai ma ba ka san maɓoyar ƙwayar ba, kuma ƙwallon ya bar aljihun nan.

Tuva ba ta yi ƙarya ba, kai ta yi wa biyayya. Kada ka shiga kotu ka ɓuya a bayanta, ita ba ta da bakin musantawa.

Ina yi muku fatan alheri, kai da ita da Melker.

Gunnel