Kunun Kanwar Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, Allah Ya ƙara mana lafiya da imani. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku taimaka mini da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni magidanci ne a Tsafe, noma nake yi. Matata ta haihu kwanan baya a asibiti a Gusau, bayan jininta ya hau har ta yi jijjiga. Allah Ya tashi kafaɗunta, yaron kuma Ya karɓi abinsa tun kafin suna. Da za a sallame mu likita ta zaunar da ni, ta ce macen da ta yi irin wannan ciwo dole a riƙa lura da zuciyarta har gaba, ta rage gishiri, ta bar kanwa, ta ci gaba da shan magani, a riƙa kawo ta awon jini.

To sai aka kai ta wankan jego gidansu a Rawayya, wajen mahaifiyarta, Inna. Inna ba muguwa ba ce, wallahi ko barci ba ta yi saboda ɗiyar nan. Amma kullum sai ta dama mata kunun kanwa, ga ruwan wanka mai ƙuna safe da yamma, magungunan asibiti kuwa ta ɗaure su a leda, wai ba a haɗa su da jego. Da na je dubiya na tarar ƙafafunta sun kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara sai ta jingina da bango. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, don haka ta ƙara kanwa.

Ni ban taɓa haɗa ido da surukata ba, balle in yi mata musu. Na aika 'yar uwata ta yi mata bayani, Inna ta fashe da kuka, ta ce haka ta yi wa duk 'ya'yanta, ko yanzu ni zan koya mata son ɗiyar da ta haifa? Ta rantse ba inda za ta sai ta yi arba'in.

Abin da ke cin raina, yayar matata ma da kumburi ta rasu bayan haihuwa, a ɗakin nan, aka ce sanyi ne. Na san rai na Allah ne, amma Shi Ya ce a nemi magani.

Jiya a waya matata tana haki ta ce mini, Malam, ka zo ka ɗauke ni, amma kada ka sa Inna kuka.

Jama'a, ta yaya zan yi duka biyun? In kuma ɗaya kawai zai yiwu, da wane baki zan gaya wa Inna?