Ajiyar da Ka Ba Ni, Malam Ishaku

Zuwa ga Malam Ishaku, malamin waƙa na Kurmin Tsamiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da ladabi irin na 'ya ga uba. Da wasiƙar masu rai ce, da na tambayi gida da gona da ƙafar nan taka mai ciwo. Amma yau wata huɗu ke nan da ka yi barci, kuma na san inda kake babu ciwo. Ni ce Ladi 'yar Bulus mai injin niƙa, wadda ka ce tana da kunne amma ba ta da haƙuri. Daga Greensboro nake rubutowa, can ƙetare a ƙasar Turawa. Da gangan na sa wasiƙar a fili, don 'yan kwayarmu na gida da 'yan'uwa na nan su karanta, saboda abin da zan faɗa maka bai kamata ya tsaya tsakanina da kai ba.

Bari in fara da abin da ba ya ba ni kunya.

Kowace Juma'a da la'asar kana dawowa daga gona, ka jingina fartanya a bangon coci, ka wanke hannu, sannan ka je gindin mangwaro ka bugi tsohon ƙarfen tayar motar nan da muke kira ƙararrawa. Mutanen gari kira suke ji. Kai kuwa sai ka karkata kai kana ɗaukar "do" daga ƙarar. Da wannan sautin a maƙogwaro kake shiga coci, kuma ba ka amsa gaisuwar kowa, ko da fasto ne, sai ka sauke mana shi a kunne.

Ina tuna tsohuwar ogan mai feda da Turawan mishan suka bari. Ɓeraye sun cinye zugazuginta, ka liƙe da tiyub ɗin keke. Idan kana taka ta, huci take yi kamar tsohuwa mai hawan tudu, mu kuma a bencin baya muna toshe baki. Ka sani sarai muna dariya. Ba ka taɓa juyowa ba.

A firamare ma kai ne ka koya mana do-re-mi, ranar Talata bayan tara. Ban taɓa ganin ka ɗauki bulala ba. Idan mutum ya kauce, sai kawai ka dube shi ta saman tabarau. Mu dai mun gwammace bulalar hedimasta da wannan kallon.

Waɗanda ba 'yan garinmu ba ba za su gane laifina ba sai na gaya musu yadda kake ajiye waƙa. Tun kafin a haife ni, an ce gara ta cinye littafin da ka rubuta waƙoƙinka na fari, cikin damina ɗaya. Daga nan ka daina amincewa da takarda. Idan ka haɗa sabuwar waƙa, sai ka raba ta huɗu, ka damƙa kowace murya a hannun mutum ɗaya. Ka kan ce, "Wannan naki ne, ki riƙe mini." Mai riƙon shi ne zai koya wa sauran masu yin wannan muryar. Idan kuma zai bar gari, ko aure ko aiki, dole ya zo ranar Juma'a ya sauke wa wani a gabanka, ka ji da kunnenka cewa ta shiga, sannan ka yi masa addu'ar tafiya. Sauke murya muke ce wa abin. Babu wanda ya taɓa barin Kurmin Tsamiya da waƙarka a ciki, sai ni.

Waƙar Ista ce, wadda ka yi a kan matan da suka tafi kabari da sassafe. 'Yarka Rifkatu ta riƙe murya ta ɗaya, Yohanna tela ta uku, Dauda direba ta huɗu. Ni ka ba ni ta biyu. A layi na uku sauran muryoyin duk suna tsayawa a sauti ɗaya, baki a rufe, sai murya ta biyu ita kaɗai ta yi tambayar matan: wa zai kawar mana da dutsen? Wannan layin ba ka bar ni na koya wa kowa ba. Ka ce tambaya ce ta mai tsoro, kuma mutane goma ba sa jin tsoro da murya ɗaya. Mako uku ka yi kana koya mini shi a kan dakalin gidanka, matarka Mama tana ɓarar gyaɗa a gefe tana cewa ka bar yarinya ta huta.

Ista biyu kacal muka rera ta. A ta biyun na hango uwata tana share ido da bakin zane, ita da ko a jana'iza ba ta kuka. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye maka ba.

Sai biza ta fito. Maigidana ya riga ni zuwa nan, aka ce in biyo shi cikin mako biyu. Juma'a biyu ne a cikin mako biyun nan, Malam. Ta farko na tafi Kaduna ɗinki. Ta biyu ina gida ana yi mini kitso, ina jin ƙararrawa, na ce wa raina ai shekara biyu zan yi in dawo. Ka zo da kanka ranar Asabar ka yi mini addu'a a ƙofar gidanmu. Ba ka ambaci waƙar ba. Na ɗauka ka manta, har na ji daɗi. Daga baya Rifkatu ta gaya mini tun daga shekarar ka jingine waƙar, kuma duk wanda ya tambaya sai ka ce mai layin ba ta sauke ba tukuna.

Shekara biyun ta zama ashirin da uku. Na yi aikin ɗaukar kaya a sito, na yi karatu, yanzu ina kula da tsofaffi a wani gida wajen Sedgefield. Na haifi yara uku da nake yi wa Hausa suna amsa mini da Turanci. Waƙa kuwa ban bari ba. A cocinmu na nan ni ce ke riƙe makirfo, har ana ce mini Anti Ladi mai murya. Idan an tambaye ni inda na koya, nakan ce a gida. Ba na ce a wajenka ba, na ce a gida.

Bara, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ka, Rifkatu ta kira ni. Ta ce hannunka ya daina taka ogan, kuma waƙoƙi sun fara zube maka. Ta ce ka sauko daga rantsuwarka, ka sa an sayo babban littafi, kana kiran masu riƙo ɗaya bayan ɗaya suna rerawa tana rubutawa. Yohanna ya zo da sandarsa. Dauda ya rasu, amma ya sauke wa ƙanensa kafin nan, kamar yadda ka koya mana. Saura ni. Ta ba ka wayar, ka yi magana da harshen da ya yi nauyi, ka ce, "Ladi, ki rera mini haka nan, ko a kicin ne." Na ce, ai wannan ba komai ba ne, Malam, gobe-goben nan.

Washegari na isa wajen aiki da sauran lokaci, na zauna cikin mota na danna wayar. Layi na ɗaya ya zo. Na biyu ya zo. Da na kai na uku na buɗe baki, kalmomin suna nan, amma muryar babu. Na san daga ƙasa take tashi. Na san akwai wani wuri da take lanƙwasawa kamar za ta faɗi. Abin da na sani ke nan.

Na neme ta, Allah ya sani. Na neme ta a cunkoson titin Wendover hannuna a kan sitiyari, har wani Bature a motar gefe ya riƙa kallona. Na neme ta ina wanke-wanke, na neme ta ina tura keken wata tsohuwa zuwa ɗakin cin abinci. Duk lokacin da na ji kamar ta matso, sai wata waƙar cocin nan ta shigo ta zauna a wurinta. Rifkatu ta turo saƙo sau uku. Na ce mata aiki ya yi yawa. Na ce mata mura nake yi. Na ce ina so in samu wuri mai kyau in ɗauka, kada in turo maka abin da bai dace da kai ba.

Abin da ya kamata in yi bai fi numfashi ɗaya ba. In kira ka in ce, Malam, na yar da ajiyarka. Da ka dube ni ta cikin wayar, da na ji kunya na kwana biyu. Sannan da mun zauna mun neme ta tare, ni in ja farkon, kai ka kamo abin da ya rage a kanka. Wata bakwai ka yi da rai bayan kiran nan. Wata bakwai ya ishe mu.

Amma ni Anti Ladi mai murya ce, ina zan kai wannan kunya? Sai na yi abin da kai da kanka ka koya mini. Na ɗauki sautin da sauran muryoyin suke tsayawa a kai, na ɗora wani layi a samansa, na lanƙwasa shi a inda nake zato. Ya zauna daram. Wanda bai sani ba zai rantse da shi aka haifi waƙar. Na rera a falo wata ranar Asabar da rana, na tura, na rubuta a ƙasa cewa ga ajiya ta dawo. A zuciyata kuwa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, cewa na yi ai tsohon ya manta, ba zai gane ba.

Amsarka ta zo bayan kwana biyu. Ka ce, "Na ji, 'yata. Muryarki tana nan. Allah ya yi miki albarka." Na saurara na yi ajiyar zuciya, na ce na tsira. Ban lura ba cewa muryata ka yaba, ba ka ce uffan a kan waƙar ba.

Ban samu zuwa jana'izarka ba. Bidiyo aka turo mini, na kalla a teburin kicin da kayan aiki a jikina. Na ga akwatinka a gaban ogan. Na ga 'yan kwaya sun tashi, tsofaffi da yara, sai na ji sun ɗauko waƙar Ista, wadda rabon coci da ita tun tafiyata. Na gyara zama ina jiran in ji layina. Suka kai layi na uku, muryoyi uku suka rufe baki suka riƙe sautinsu. Suka riƙe, suka riƙe. Babu wadda ta yi tambayar. Da lokacin ya cika suka wuce layi na huɗu.

Na kira Rifkatu, wai ni ce zan tambayi dalili. Ta turo mini hoton shafin. An rubuta komai da hannunta mai kyau, sai a murya ta biyu, layi na uku, an ja layukan awo an bar cikinsu fari. Ta ce sau uku ka sa ta kunna maka saƙona, kana karkata kai. Da ta ɗauki biro za ta rubuta, sai ka riƙe mata hannu da hannunka mai lafiya, ka ce, "Bar mata wurin. Za ta tuna." Ta ce kusan kowace Juma'a sai ka tambaya ko na sake turo wani saƙo.

Ashe ka sani tun daga sauraro na farko. Ka rufa mini asiri ko a gaban 'yarka, ka zauna kana jirana, ni kuma ina nan ina riƙe makirfo.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Ista ta matso, kuma makon jiya Rifkatu ta sake kirana. Ta ce dattawa sun zauna, suna so a cike gurbin. Ta ce saƙona yana nan a wayarta, kuma mutane suna cewa wataƙila ciwo ne ya sa Baba bai gane kayansa ba, tunda ga mai riƙon ta rera da bakinta. Ta tambaye ni ko ta koyar da shi. Na ce mata zan kira ta. Kwana shida ina juya maganar, don idan na yi shiru babu mai rai da zai kama ni. Sai dai a ce kanka ne ya taɓu a ƙarshe.

To, Rifkatu, Yohanna, dattawa, da duk wanda ke karanta wannan ta bayan kafaɗata: kan Malam bai taɓu ba, kunnensa bai tsufa ba. Abin da na turo ba nasa ba ne, faci ne na yi. Layinsa ya ɓace a hannuna, kuma har yau ban tuna ba. Kada ku rubuta nawa a cikin littafinsa.

Malam, ka gafarta mini. Ka ce za ta tuna, kuma ina jin tsoro a wannan kaɗai ka yi kuskure. Zan ci gaba da nema muddin ina numfashi, amma ba zan sake yi maka alkawarin gobe ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa a gabansa. Ya sāka maka da kowace Juma'a da ka ba mu, ya ta'azantar da Mama da Rifkatu da dukan ikilisiyar Kurmin Tsamiya. Ni kuma ya yi mini jinƙai ya kai ni inda kake, in tsaya a gabanka in faɗi abin da na kasa faɗa ta waya, ka sake koya mini daga farko. Amin.

Taka da ba ta sauke ba,
Ladi