Malamar Rashanci Ta Koma Ɗaliba

Kazanlak, Oktoba 1992

Ƙanwata Rumyana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da mijinki Stoyan da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki riƙa tuna mata da magani.

Abin da kika ji gaskiya ne, an daina koyar da Rashanci a makarantarmu. Shugaban makaranta ya ce ko in koyi Turanci in koyar, ko in ajiye aiki. Ni da furfurata! Yanzu duk Asabar ina zuwa birnin Plovdiv ɗaukar darasi, abin da na kwaso shi nake juye wa yara ran Litinin.

Su kuwa sun gano ni. Kunnensu ya saba da waƙoƙin Turanci na kaset, ni kuma bakina ya ƙi lanƙwasuwa. Akwai wani Plamen a ajin ƙarshe, dogo, bakinsa ba ya shiru. Jiya ina karatu ya ce, "Malama, wannan Turancin wane ƙauye ne?" Aji ya fashe da dariya. Na gama darasi, na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na wuce aji na gaba.

Kin ce in dawo Varna wurinku in huta. Na gode, amma dariya ba za ta raba ni da allo ba.

Yayarki,
Tsvetana

Kazanlak, Mayu 1993

Rumyana tawa,

Ina gaida ku duka. Na ji Mama ta fara takawa, na yi murna ƙwarai.

Kin tuna masu yi mini dariya? Na lura waƙa kawai suka iya rerawa. Ki tambaye su sunansu da Turanci, sai su sunkuyar da kai. Ashe su ma dariyar suke tsoro. Sai na kafa doka: kowa na iya gyara mini, amma da Turanci.

Aka yi kwanaki ba mai tari. Ran nan na kwafsa wata kalma, Plamen ya kasa daurewa. Ya miƙe yana gumi, yana in'ina, har ya haɗa jimla guda. Na maimaita kalmar yadda ya faɗa, na gode masa, sannan na gyara masa jimlar tasa. Tun daga ranar ajin ya zama kasuwa, har maƙwabtan ajinmu na buga mana bango.

Makarantar jiragen ruwa Plamen yake son shiga, kuma sai ya ci Turanci. Jarrabawarsa da tawa duk watan gobe ne. In na faɗi, aikina ya tafi.

Jiya bayan tashi ya tsaya a bakin ƙofa. "Malama, kina jin tsoro?"

Na ce sosai.

"Ni ma." Ya jawo kujera, ya buɗe littafi. "To, ke za ki fara ko ni?"

Na ce ni ce babba, ni zan fara.

Ki sa mu a addu'a mu biyu, ki sumbatar mini yara.

Yayarki mai ƙaunarki,
Tsvetana