Diski na biyu

Laraba, bayan isha'i

Yau na dawo daga Timia na tarar Yaya Sidi ya cire diski ɗaya daga ordinatar, wato kwamfutar da na haɗa don ajiyar gida. Ni da na yi makonni ina karatu a telefon kafin in zaɓi diski biyu masu jure zafi da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki! Shi na fara yi wa bayani, na biyun kwafin na farko ne, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Har da gyaɗa kai.

Ya goge shi, ya cika da fina-finai, ya ba abokinsa mai tafiya Jado.

"Haba ƙane, abu ɗaya sau biyu? Ga ɗayan nan lafiya lau."

Lafiya lau? Na kunna ɗayan da ya rage, yana ƙas-ƙas kamar ɓera a buhu. A ciki muryar marigayi Baba take, karatun Alƙur'anin da Inna ke saurara kowace asuba. Na kashe shi, ba zan sake kunnawa ba sai na sami wani.

Gobe Inna za ta ce in sa mata Baba. Wallahi Sidi zan tasa ya ba ta amsa.